Tulun Kaka Delu

Kafin ku yanke mini hukunci, 'yan uwana masu karatu, ku shigo tsakar gidanmu na Abakpa tukuna, ku zauna a tabarmar nan ta gindin gwaiba, ku ga abin da nake yi duk ranar Talata da hantsi.

Tulu nake shanyawa.

Ba na ruwa ba ne. Baƙi ne, mai ƙaton ciki da gajeren wuya, bakinsa har ya yi sulɓi don tsufa. Da wani faffaɗan soso da aka ɗinke cikin ƙyalle ake dukan bakin, sai ya saki wata murya mai zurfi wadda tun kafin kunne ya ji ƙirji ya riga ya amsa. Da shi matan Zumunta na cocinmu suke waƙa tun ba a haife ni ba. Na kakata ne, Kaka Delu, wadda ta haifi Mama. Ita ta koya mini in riƙa fito da shi ya sha rana, wai tulun da ya kwana a sanyi kamar mai mura yake, muryarsa a toshe.

Sunana Laraba. Na gama makaranta, ina sayar da magani a wani kemis a Unguwar Sarki, kuma ina son wani mutum mai suna Habila, irin son da ko sunansa na gani a fuskar waya sai na gyara ɗaurin ɗankwalina kamar yana kallona.

Dogo ne, mai dogayen yatsu, mai maganar da ba ta gaggawa. Shi yake kaɗa piyano a wani babban coci a Barnawa, can ƙetaren kogi, inda fitilu suke canza launi a kan mawaƙa, ana sujada da Turanci. A bikin wata ƙawata ya ji na rera baiti ɗaya, ya biyo ni har wajen masu raba shinkafa.

"Wannan muryar a ina ake ɓoye ta?" ya ce.

"A Abakpa."

"To an cuci duniya."

Wayyo ni. Da kun san abin da maganar nan ta taɓa. Tun ina ƙarama addu'ata ɗaya ce, in na durƙusa: Ubangiji, me ka halicce ni in yi? Ina ƙirga wa mutane ƙwayar ciwon kai a kemis, amma zuciyata tana can wani wuri, ina sanye da doguwar farar riga, makirfo a hannuna, dubban hannuwa a sama, mutane suna kuka suna tuba saboda waƙata. A ganina haka kiran Allah yake zuwa, da haske da taro. Cocinmu kuwa ɗan ɗaki ne mai rufin kwano, da Hausa muke sujada. Yawancin mutanenmu sun tattara sun koma ƙetare tun shekarun da gari ya rikice, suka bar mu da tsofaffi da bencuna.

Bara da damina ɓarin jikin Kaka na dama ya shanye. Ya tafi da hannun da take kiɗa da shi, ya tafi da maganarta. Matar da a da in ta fara labari sai tuwo ya huce, ta koma ba ta iya cewa komai sai "to". Yunwa, "to". Ciwo, "to". In ta kalle ni tana neman sunana, ina ganin sunan yana yawo a idonta, amma ya ƙi saukowa baki.

Wata Talata na kai ta taron Zumunta don dai ta sha iska, ta ga ƙawayenta. Na ɗauko tulun ma, don ba ta yarda a fita a bar shi. Mama Uwani, shugabar Zumuntar, ta dubi tulun a ajiye, ta dube ni.

"Ke, ɗauki ki kaɗa mana."

"Mama, ai ni ba matar aure ba ce. Ko zanen Zumunta ba ni da shi."

"Shi tulun ya tambaye ki takardar aure? Ɗauki, 'yar nan, kada ki ɓata mana yamma."

Na ɗauka. A cinyar Kaka na girma tana kiɗan nan, hannuna ya san hanya ko da kaina bai sani ba. Mama Uwani ta ɗaga waƙa, mata suka amsa. Sai na ji wata murya ta gefena, siririya, tana rawa, amma kowace kalma a fili. Kaka ce. Baiti bayan baiti, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da waƙar ta ƙare na rungume ta ina cewa Kaka, Kaka, faɗi sunana. Ta ce, "To."

Likita ya ce hakan na faruwa, wai waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a cikin kai ba. Ni dai abin da na sani shi ne, tun daga ranar, sau biyu a mako kakata takan dawo, Talata da Lahadi, muddin tulun yana hannuna. Wasu matan sun gwada kaɗawa, ta yi shiru tana kallonsu.

To ga inda aka tsaya. Kawunnan Habila za su zo gaisuwa ranar Asabar.

Mama ta kasa zama wuri ɗaya. Ta fito da leshinta ruwan zuma daga ƙasan akwati, ta sa an wanke labulen falo, har kujerar nan mai karyayyar ƙafa an kai wa kafinta.

"Allah ya dube mu," take cewa tana goge faranti. "Ki ƙetare ki huta, ki shiga cikin mutane. Me ya rage a nan? Lahadin farko bayan biki mu sa zanenmu mu raka ki, mu miƙa ki, in dawo in yi barci da minshari."

Ga waɗanda ba su san al'adarmu ba: in yarinya ta yi aure, matan Zumunta na cocin iyayenta sukan yi anko su raka ta cocin mijinta da waƙa, a gaban jama'a su damƙa hannunta a hannun shugabar matan can. Daga ranar ta zama tasu. Can za ta yi sujada, can za ta yi Zumunta, can za a neme ta in ba a gan ta ba. Abu ne mai kyau, na sha yin kuka a wajen na wasu. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin wanda zai kaɗa tulu a Talatar da za ta biyo bayan nawa ba.

Na rubuta wa Habila.

*In aka miƙa ni, wa zai kaɗa wa Kaka?*

*Shi ne ya hana ki cin abinci? Bar mini wannan, gimbiya.*

*Da gaske nake.*

*Ni ma. Kin tuna ranar da na ɗauki kiɗanki a waya? Ina da dabara. Zan zo Talata.*

Ya haɗa da hoton zuciya har guda uku. Na kifa wayar a ƙirjina ina murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar kamu.

Talata da azahar Malam Rabe ya tsaya da kekensa mai ƙafa uku a ƙofar gida. Bakatsine ne, maƙwabcinmu, shi yake kai mu coci, kuma ya san in tulu yana ciki ba a faɗa wa rami. Ya taimaka na ɗora Kaka, na gyara mata zanen Zumunta, shuɗi mai zanen fararen kurciyoyi, na ɗaura mata farin ɗankwali yadda take so, ya ɗan karkata hagu. Ni kuwa atamfata koriya na sa, wadda Habila ya ce tana sa ni kama da damina.

"Hajiya Kaka, yau ma za a tashi unguwa da waƙa ke nan?" in ji Malam Rabe.

"To," ta ce.

"Ai shi ke nan, tunda kin yarda."

Mun tarar da Habila ya riga mu. Yana tsaye a bakin coci cikin farar shadda, da wata 'yar baƙar lasifika a hannu, tsofaffi sun kewaye shi.

"Angonmu, wannan akwatin fa?" Mama Uwani take tambaya. "Sadakin ne a ciki? In shi ne ya yi ƙanƙanta."

"Ku bar shi, kunya yake ji," in ji Inna Hansai mai kaɗa caki. "Kai, dubi yatsu kamar na mace. Wannan ko kaza zai iya yankawa?"

Ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, yana dariya. Sannan ya yi bayani. Ya ɗauki kiɗan tuluna, ya kai ɗakin da suke haɗa waƙa, ya wanke shi tas, ya daidaita shi, ya jera kiɗa iri-iri a cikin lasifikar. Ko bayan na tafi, maɓalli ɗaya za su danna. Kwana ya yi yana aikin nan, na gani a idonsa.

"Hannun Laraba ne da kansa, Mama. Ba za ku rasa ta ba."

Ya danna.

Tsigar jikina ta tashi. Ni ce. Hannuna ne, har da 'yar girgizar da nake yi kafin dukan ƙarshe. Ga ni zaune, hannuwana a cinya, ga ni kuma ina kiɗa daga cikin akwati. Na dubi Habila na ji kamar in tashi in rungume shi a gaban kowa.

Mama Uwani ta gyara murya ta ɗaga waƙa. Layin farko ya tafi lafiya. A ƙarshen na biyu ta tsaya jan numfashi, don ƙirjinta ba ya kai ta kamar da, kiɗan kuwa ya wuce abinsa. Ta bi shi da gudu. Inna Hansai ta rasa wanda za ta bi, cakinta ya koma kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ni idona yana kan Kaka. Ta buɗe baki, leɓenta yana motsi, tana neman ƙofar shiga. Kafin ta samu, wurin ya wuce. Ta sake jira. Ta sake buɗewa. Ya sake wucewa.

"To," ta ce a hankali. "To."

Ta rufe bakinta, ta sunkuyar da kai tana kallon hannun nan da ya mutu a cinyarta.

Habila ya rage saurin kiɗan. Aka sake. Haka dai. Ya sake ragewa, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Ban gane ba," ya ce. "A kan ƙa'ida yake. Ko ɗigo bai kauce ba."

"Daidai yake, ɗana," in ji Mama Uwani tana haki. "Mu ne ba daidai ba. Kashe shi haka nan. Tulun Laraba jiranmu yake yi."

Ban san lokacin da na jawo tulun tsakanin ƙafafuna ba. Da sauran ɗumin rana a jikinsa. Na ɗaga soson, sai na kama kaina ina yin abin da ashe kullum nake yi ban sani ba. Ba tulun nake kallo ba. Ƙirjin Mama Uwani nake kallo, in ga ya cika kafin in sauke hannu. Leɓen Kaka nake kallo, in ya fara rawa sai in riƙe dukan a sama, in riƙe, in riƙe, har kalmar ta iso, sannan in sake shi ya tarye ta. Haka ita ma take yi wa tsofaffin zamaninta ina kan cinyarta. Ba ta taɓa faɗa mini ba. A hannu ta zuba mini.

Muryar Kaka ta fito.

*Na zo da tafiyar tsufa, Yesu,*
*ba ka ce na makara ba.*
*Ka matsa mini a tabarmarka,*
*ka ce in huta tukuna.*

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Rana tana shigowa ta hujojin kwano, tana sauka a kan fararen ɗankwalaye kamar an watsa tsabar zinariya. Kurciyoyin da ke jikin zannuwan suna motsi da numfashin masu su, har na ga kamar za su tashi. Ɗakin ya yi faɗi, ya yi faɗi, bangon ya ja baya. Babu makirfo, babu fitila, mu ne dai 'yan tsirarun nan da ƙamshin man zafi. Amma wannan ramin da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji, wanda nake ta roƙon Ubangiji ya gaya mini da me zan cika shi, na laluba na ji babu shi. Na yi shekaru ina jiran a kira ni wani wuri. Ashe an riga an zaunar da ni a wurin, har an ba ni soso a hannu.

Kiran la'asar ya tashi daga masallacin bayanmu. Muka sauke waƙar kamar yadda muka saba, Mama Uwani ta rufe da addu'a.

A gindin darbejiyar bakin coci na sami Habila, lasifikar tana rataye a yatsansa.

"Na kusa yin kuka," ya ce, bai dube ni ba. "Ina kiɗa tun ina yaro, ban taɓa sanin ana jiran mutum ba. Mu namu, wanda ya makara shi ya sani."

"Habila."

"Na'am, gimbiya."

"Ba za a miƙa ni ba."

Sai a lokacin ya juyo. "Auren ne ba kya so?"

"Kai nake so. Har ina jin tsoron yadda nake sonka. Ka aure ni, ka kai ni Barnawa, in share maka gida, in dafa maka miyar kuka har ka gaji da ita. Amma Talata da Lahadi ina nan."

"Laraba, ki ji abin da kike faɗa. Ni nake kiɗa a gaban coci, kowa yana ganina. A ce matata ba ta sujada inda nake? Kuma kin san Mamata ce shugabar Zumunta a can. A hannunta za a damƙa ki. Ta riga ta kai wa tela zanenki, jiya ma take tambayata tsawonki."

"Na sani."

"Kwaya, ƙungiyar mawaƙanmu, tana jiranki. Na gaya wa kowa irin muryarki. Ba abin da kike mafarki ke nan ba?"

"Shi ne. Har yanzu in na rufe ido ina ganin farar rigar." Na dubi ƙofar coci. "Amma can in ban zo ba, wata za ta karɓi makirfo. Nan in ban zo ba, Kaka ta yi shiru ke nan."

Ya shafa kansa, ya dubi titi, ya dawo.

"To har yaushe?"

Tambayar tana fita ya ji abin da ya tambaya. Ni ma na ji. Ta bayansa ina hango Malam Rabe yana gyara wa Kaka zama a keke, ɗankwalinta ya ƙara karkacewa. Ya ce in gaida Mama, ya tari mota ya tafi, bai waiwayo ba.

A gida ban ɓoye ba. Mama tana tankaɗe gari na faɗa mata. Ta ajiye rariyar a hankali, abin da ya fi tsawa ba ni tsoro.

"Uwata ce," ta ce. "Ni na sha nononta, ba ke ba. Kina tsammani ba na jin daɗi in ta buɗe baki? A bayan coci nake tsayawa in yi kukana in share. Amma ba zan zuba ido ki zauna gadin tulu har samari su daina sallama ba. Yaron nan ɗan mutunci ne. Irinsa ba sa yawo a titi."

"Mama, ban ce ba na sonsa ba."

"Kin ce wa uwarsa ba kya son hannunta, ai duk ɗaya ne. A ina aka taɓa yi? Ita kanta Kakar taki, da bakinta yana nan, da ita za ta fara korarki."

Wataƙila gaskiya ne. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Na je na zauna kusa da Kaka ina matsa mata yatsun hannun da ya shanye, ina kallon fuskarta ko zan karanta wani abu. Ita kuwa gwaiba take kallo.

Laraba ta zo ta wuce, ranar sunana, babu saƙo. Ina ganin alamar Habila a kan waya, kore, yana nan, ya fara rubutu, ya goge. Ni ma na rubuta *ka yi haƙuri* na goge, don ban san a kan me zan ba da haƙurin ba. A kemis wani dattijo ya shigo ya manta sunan maganinsa, yana ta "wannan, mai jan kwali, wannan dai". Da a da ne da na fara jero masa sunaye don ya yi sauri ya ba na baya wuri. Sai na ji hannuna ya tsaya a sama. Na jira shi. Ya tuna da kansa, ya yi dariya da bakinsa mara haƙora, ya sa mini albarka har ya fita. Na shiga bayan kanta na yi kuka, rabi na daɗi, rabi na Habila.

Alhamis da safe ina tsefe wa Kaka kai a tsakar gida wayar ta yi ƙara. Sai da na goge man hannuna a zane sau biyu kafin na iya buɗewa.

*Na gaya wa Mamata komai.*

Na tsaya. Yana rubutu.

*Ta ce kawunnaina su dakata, ba za su zo Asabar ba.*

Na dafa kafaɗar Kaka.

*Ta ce ita za ta zo da kanta ranar Talata, da zanen Zumuntarta. Rabonta da ƙetare kogin nan tun da muka tashi daga Kawo ina goye. Wai tana so ta ga tulun da ya fi ɗanta.*

*Laraba, ban san da wace fuska za ta zo ba. Ni ma tsoronta nake ji.*

Na dubi ƙofar kicin, inda Mama take tsaye da ludayi tana karanta fuskata. Na dubi kan Kaka, rabi a tsefe, fari fat a cikin rana. Sai da na gyara kalma ɗaya sau uku, amma na tura.

*Ta zo, muna maraba. Ka ce mata ta taho da matashin zama. Benci ɗaya ne mai jingina a cocinmu, kuma na Kaka ne.*